Haƙorin da Rabo Ya Cire

Duk wanda ya taɓa jan ko akuya ce zuwa kasuwar bisashe ta Dakoro ya san Rabo dillali. In bai san fuskarshi ba, to ya ji labarin babban yatsanshi. Yatsa ne dai kamar na kowa, gajere, mai kaushi, farcen ya tsage tun tuni. Amma Rabo ya ɗaga leɓen saniya ya goga shi bisa haƙoranta sau ɗaya, sai ya faɗa maka shekarunta har da daminar da ta sha wuya. Ya latsa bayan takarkari ya ce wannan ruwa ya ja, wancan kaya ya ɗauka, na ukun kuwa ci kawai ya iya. An sha kawo mashi tsohuwar saniya da aka shafe wa ƙaho da mai don ta koma karsana. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Dariya yake yi ya ce, "Ku gai da gida." Shekara arba'in yana wannan aiki, ba a taɓa maido mashi da bisa an ce ya yi ƙarya ba.

Abu guda ne ya gagari wannan yatsa, shi ne ɗanshi na fari, Nafi'u.

To ai ka san yadda abin yake. Ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a zama tabarma ɗaya da shi, balle a dube shi ido cikin ido a ce mi ke damunka. Haka Rabo ya tarar, haka ya riƙe, har ma ya fi kowa riƙo. Tun ranar suna bakinshi bai taɓa furta sunan ba. In magana ta kama, sai ya juya wajen ɗiyarshi Lailatu ya ce "yayanki," ko da kuwa yayan yana tsaye nan yana ji.

Nafi'u yana jami'a a Yamai. Karatu ya ƙare, saura abin da suke kira memuwar, wato littafin da ɗalibi ke rubutawa da kanshi kafin a sallame shi. Bara waccan ya ce bana zai gama. Bara ya ce bana. Yanzu ga shi ya zo hutu, ya rame, ba ya son magana, kuma banar ce dai a bakinshi. Abokan Rabo na kasuwa har sun fara tambayar nan mai haɗe da murmushi: "Ina mutumin Yamai, har yanzu ana ta fama?" Abin yana ci mashi rai ƙwarai. Ya yanke a zuciyarshi cewa jibi motar Yamai za ta tashi, in bai ga shaidar yaron nan aiki yake ba, ba inda za shi. Ga gero can ya isa girbi. Amma ta ina zai ga shaidar? Shi bai yi lekol ba, boko ba ya karanta shi, tambaya kuma kunya ta hana.

Lailatu tana da ɗan shago kusa da meri, wato ofishin magajin gari, inda take buga wa mutane takardu a ordinater, abin da wasu ke ce wa kwamfuta. Ranar da ba kasuwa, Rabo kan zauna bisa benci a ƙofarta yana kallon masu wucewa. Ran nan yana zama sai ya ji baƙon sauti. Da, in tana aiki, ɗan lub-lub kawai kake ji. Yau kuwa ƙas-ƙas-ƙas, kamar awaki sun hau fako.

Ya leƙa ya ce, "Ke Lailatu, mi kike soyawa haka?"

Ta yi dariya. "Kilabiye ne, Baba, abin da ake latsawa a yi rubutu. Nawa ya mutu, na ari na Yaya kafin ya koma. Da shi yake rubuta memuwar ɗinshi."

"Da shi yake rubutawa?"

"Da shi."

Rabo ya tuɓe takalmi ya shiga. Baƙin allo ne mai nauyi, tsawonshi bai wuce kamu guda ba, ga maɓallai jere bisa jere kamar haƙora. Lailatu ta ga yadda yake kallo, sai ta sa tsinken kitso ta ɓalle hular guda ta nuna mashi. A ƙarƙashi akwai ɗan akwati, da ɗan turke a tsakiya, a ciki kuma 'yar waya murɗaɗɗiya da ke maido shi sama in an saki. Ta ce nata na da, roba ce guda aka shimfiɗa wa dukkansu. Wannan kuwa kowa da ƙafarshi.

"Kowa da ƙafarshi," in ji Rabo. "To ashe garke ne. Matsa in gani."

Ta zare wayar da ta haɗa kilabiyen da ordinater don kar ya ɓata mata takardar mutane, ta ba shi kujera. Ya fara daga kusurwar sama. Ya latsa a hankali. Da tauri, da ɗan kaushi kamar tsakuwa cikin tuwo, a rabin hanya ya ci karo da ɗan tudu, yana haye shi sai ƙas, da kaifi.

"Maraƙi ne wannan. Ba a taɓa sa mashi igiya ba."

Ya gangaro tsakiya. Nan kaushin ya tafi, tudun ya kwanta, muryar ta yi ƙasa, tak maimakon ƙas. Ya gyaɗa kai ya ce waɗannan sun yi aiki daidai gwargwado, kuma ba a zalunce su ba. Wallahi abin ya fara yi mashi daɗi. Shekara da shekaru bai taɓa bisa wadda bai san irinta ba. Ya latsa wannan, ya koma wancan, ya kara kunne, ya tambayi Lailatu ko mai ake zuba masu, ko su ma suna gajiya da zafi. Tana ba shi amsa tana ƙunshe dariya.

Sai yatsan ya faɗa kan wasu huɗu a gefen hagu, uku a jere, ɗaya a samansu. Bayansu ya yi sumul kamar ƙotar tsohuwar fartanya. Tudun nan babu shi sam, kuma in ka taɓa su sai su yi ta rawa a mazauninsu.

"Kai! Waɗannan an kashe su da aiki. Ke, wane irin rubutu ne ake yi da haƙori huɗu?"

Lailatu ta duba ta ce ita ma ba ta sani ba, haruffan ba wata kalma da suke haɗawa.

Ana cikin haka Rashidu ya leƙo. Maƙwabcinta ne, mai gyaran waya, magidanci da gemunshi, sai dai bakinshi ba murfi. Ya kalli inda yatsan Rabo yake, ya kece da dariya.

"Yo ai waɗannan ba na rubutu ba ne, Baba Rabo, na wasa ne! Wannan gaba, wannan baya, ga hagu, ga dama. Mutum ya wuni yana gudu da bindiga cikin ordinater yana harbin mutanen ƙarya. Duk kilabiyen da ka ga huɗun nan sun cinye, mai shi ba ya da aikin yi."

Lailatu ta harare shi, amma magana zarar bunu ce. Rabo ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, shekara nawa ake yi kafin su cinye haka.

"Biyu, uku," in ji Rashidu. Sai a lokacin ya lura da fuskar Lailatu, ya ce wai ya bar waya a wuta, ya sulale.

Uku. Ran Rabo ya ɓaci, ɓacin da ya daɗe bai yi irinshi ba. Wato shi yana nan rana tana dukanshi tsakanin ƙahoni, yaro yana can yana harbin mutanen ƙarya! Ya miƙe ya sa takalmi.

"Ki gaya wa yayanki ya kwance jakarshi. Gobe da sassafe gona."

Ya tafi gida, amma hukuncin bai zauna mashi ba. Rabo yana da doka guda da yake koya wa duk mai son dillanci: kar ka yanke wa bisa shekaru da rabin baki, kar kuma ka taɓa ta kana fushi. Shi ga shi ya karya duka biyun a wuni ɗaya. Gefen dama ko taɓa shi bai yi ba. Ban da haka, yatsan yana ta tuna mashi wani abu. Latsawar farko da ya yi wa na saman nan, kamar ya ɗan cije kafin ya sauka. Mi zai sa haƙorin da ake duka kullum ya cije? Da wannan tambayar ya kwana.

Da safe Lailatu ta zo buɗe shago ta tarar da shi tsaye a ƙofa.

"Kar ki taɓa shi," ya ce. "Ina son in same shi yadda ya kwana."

Ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗora yatsa bisa na saman. Ya latsa kamar mai gudun tada barci. Haƙorin ya cije, ya yi nauyi, sannan ya saki, irin tashin tsohon raƙumi. A latsawa ta biyu ne ya sake jiki. Na hagun ma haka. Rabo ya yi ajiyar zuciya.

"Waɗannan sun yi aiki, ba ƙarya. Amma ba bana ba, ba bara ba. Sun daɗe kwance, datti ya daskare masu a gaɓa. Kuma taɓa ramin ki ji. A tsakiya yake, mai faɗi. Mai wannan yatsa ƙato ne, ya ci ya ƙoshi. Yayanki yatsunshi kamar tsinke. Bisar nan ubangiji biyu ta yi."

Ya wuce gefen dama, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Nan duk a farke suke, da taɓawa sai sauka. Wasu daga ciki kuwa ba a tsakiya suka cinye ba, a gefe ne, da ɗan siririn zane na farce. Yatsan Rabo ya tsaya cik. Ya san wannan zanen. Nafi'u yana shekara tara igiyar guga ta kama mashi yatsan dama a wata rijiya ta hanyar Kornaka, ya karye, ya warke a karkace. Ranar Rabo yana wurin. Idon mutane ya hana shi matsowa, ƙanenshi ne ya saɓi yaron zuwa wurin maɗori, shi kuwa ya tsaya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. Bai taɓa riƙe yatsan nan ba, amma ya san karkatarshi fiye da tafin hannunshi.

Can kusurwar sama ta dama akwai wani mai faɗi. Rabo ya ɗora yatsa, kafin ma ya latsa abin ya zube ƙasa. Ba tudu, ba kaushi, ba murya, sai wani lub kamar an taka tsumma. Da ƙyar ya taso. Gefenshi ya rarake, zanen farcen nan ya zama kwari. Huɗun jiya ma ba su kai shi shan wuya ba, kuma ko ɗigon datti babu a gaɓarshi.

"Subhanallahi. Wannan wane harafi ne da ya fi kowa aiki?"

"Ba harafi ba ne, Baba."

"To mi ne ne?"

Lailatu ta maida wayar, ta buga layi guda, haruffa suka jeru a fuskar ordinater. Ta ɗora yatsa bisa mai faɗin ta danne. Haruffan suka yi ta ɓacewa daga ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, har fuskar ta koma fari fat.

"Gogewa yake yi. Ni sai in wuni ban taɓa shi sau goma ba."

Rabo ya ce ta sake. Ta sake. Ya daɗe yana kallon farin wurin. Ya tuna takarkarin jan ruwa, wanda ke tafiya da igiya ya dawo, ya tafi ya dawo, har hanyarshi ta yi zurfi, marar sani ya ce ai bai je ko'ina ba. Amma shi takarkari ko banza ruwanshi yana cikin kwami, bisashe suna sha. Tausayi ya kama Rabo, ga kunyar abin da ya faɗa jiya.

"Yaron nan ba wasa yake ba," ya ce. "Ruwa yake ja yana maidawa cikin rijiya."

Bayan azahar Nafi'u ya dawo daga gona, tafin hannu duk ya yi ƙuraje, don ya tafi kamar yadda aka ce. Rabo ya sa aka kira shi zaure. Shi ya zauna yana fuskantar ƙofa, Lailatu a tsakiya, Nafi'u ya tsuguna can baya jikin bango.

"Tambayi yayanki ina ya samu abin nan."

Nafi'u ya dubi ƙanwarshi ya ce gwanjo ne, a kasuwar Katako ya saye shi, shekara uku ke nan.

"Tambaye shi mi yake rubutawa da har yake cinye abinshi."

Lailatu ta ce, "Yaya, kai ake jira."

"Kan dillalan bisashe ne na Dakoro," in ji Nafi'u, kanshi a ƙasa. "Yadda suke sanin bisa, da yadda suke daidaita mai saye da mai sayarwa. Malamina ya ce ya yi, in kawo. Amma in na zauna ina dubawa, sai in ji kamar Baba ake karanta wa. Sai in ji ya yi dariyar nan ya ce ku gai da gida. Shi ke nan sai in goge in sake."

Shekara uku! Abin da yaron ke nema yana nan cikin yatsan ubanshi, gida ɗaya, ƙwarya ɗaya, wannan ba ya iya tambaya, wancan ba ya iya cewa zo. Ya ji haushin kanshi, ya ji haushin yaron, ya rasa wanda ya fi wauta a cikinsu. Ya yi gyaran murya.

"Ke Lailatu, gyara zama. Ɗiyar dillali guda ba ki san komai game da saniya ba, abin kunya. Yau zan koya maki."

"Ni, Baba?"

"Da wa nake, in ba ke ba? Amma ni ba na maimaita magana. In akwai mai abin rubutu a gidan nan, ruwanshi."

Nafi'u ya fita da sauri har yana tuntuɓe, ya dawo da ƙaramin ordinater ɗinshi da kilabiyen. Rabo ya fara daga haƙori, ya bi ta kofato, da tozo, da yadda ake gane saniyar da aka shayar da kanwa don cikinta ya cika. Ya faɗi yadda ake sanin Bafulatanin da ya kawo bisa don dole da wanda ya zo jin farashi kawai, da dalilin da ya sa ba a yabon karsana gaban mai ita. Idonshi yana kan Lailatu, wadda ke ta hamma a ɓoye, kunnenshi kuwa yana baya. Ƙas-ƙas-ƙas, awaki bisa fako. Jefi-jefi sai ya ji lub, lub, lub. Da ya ji sai ya yi shiru, ya ƙi ci gaba, har sai ƙas-ƙas ɗin ya dawo. La'asar kawai ta tashe su, suka koma, sai kiran magariba.

Washegari da safe, kafin a tafi tasha, Rabo ya ɗauki kilabiyen ya kai wa Rashidu. Ya ce tunda bakinshi ne ya kusa jawo ɓarna, hannunshi ya biya. Rashidu ya ɗora ƙarfen dalma a wuta, ya zare mai faɗin nan gaba ɗaya, hula da ƙafa, yana aiki yana surutu kamar kullum.

A tasha motar Yamai ta cika, ana ta ɗaure buhuna a sama. Lailatu ta miƙa wa yayanta kilabiyen naɗe cikin tsohon rawani. Ya buɗe gefe, ya ga giɓi a kusurwar dama. Ya ɗago kai. Rabo yana tsaye nesa kaɗan, yana kallon wasu tumaki da ake lodawa kamar su ya zo rakiya.

"Ki ce mashi," in ji Rabo, "ni ba na sakin bisa da igiyarta. Igiyar tana aljihuna. Ranar da ya kawo littafi ya amshi abinshi."

Nafi'u ya yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Ya durƙusa har ƙasa, ya miƙe ya shiga mota. Suka tsaya har ta sha kwana.

A hanyar komawa Lailatu ta yi ta juya magana a baki, daga baya dai ta kasa riƙewa.

"Baba, kar ranka ya ɓaci. Akwai wani fa, ɗan ƙarami, kusa da wanda ka cire. Shi ma yana gogewa."

"Na sani. Akwai abin da bakin Rashidu ke bari?" Ya sa hannu a aljihu yana murza haƙorin, yatsanshi cikin kwarin da farcen ya haƙa. "Na latsa shi. Maraƙi ne, da kaushinshi da ƙararshi. Da gangan na bar shi. In Nafi'u ya dawo zan latsa in ji."

Lailatu ta tsaya cak tsakiyar hanya. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan a bakin nan ba. Rabo kuwa bai waiwayo ba, sai ma ya ƙara sauri, wai ana jiranshi a kasuwa. Ranar kuwa ba ranar kasuwa ba ce.